Ɗurin Adaka Ba Aikin Ɗan Koyo Ba Ne

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, da zarar hatsi ya fara ido a gonakin Alela da Bazaga da Tsarnawa, sai a fara jin ƙarar adaka safe da maraice, ana korar tsuntsu da biri. Idan kaka ta wuce aka yi buɗin daji a Masalata, maharba su ɗauki nasu su shiga dawa. Haka kuma ranar salla, ko naɗin sarauta, ko tarbar alhazai, akan saki bindiga don murna. Wannan duk mun gaje shi ne. Abin da ba mu gada ba shi ne yadda yanzu samarin da ba su taɓa bin maharbi ko da yini ɗaya ba suke sayen bindiga wurin maƙeri, su ɗura mata albarushi da hannunsu, su rataya. Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Tun wajen shekarar 2019 ɓarayin shanu da masu satar mutane suka matsa wa ƙauyukan kan iyaka, daga ɓangaren Sakkwato da Zamfara har zuwa kudancin jihohin Maraɗi da Tawa, kuma wanda aka kore masa garke sau ɗaya ba ya son a sake.

Tambayar da ake yawan yi mana a cibiyoyin yaƙi da jahilci ita ce: shin wanda bai saba ba zai iya ɗura wa kansa bindiga, musamman ɗuri mai ƙarfi irin wanda ake cewa yana kayar da gyado? Amsarmu a'a ce. Amma a'a ba tare da dalili ba ba ta hana yaro komai, saboda haka bari mu warware zancen.

Bindiga tana harbi gaba, tana harbi baya

Duk bindiga kamar jaki take, tana da harbin baya. Idan wuta ta taɓa albarushi sai ya rikiɗe ya zama iska mai zafi cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Iskar nan ba ta san gaba ba, ba ta san baya ba. Tana tura dalma ta fita ta baki, tana tura gindin bindiga cikin kafaɗar mai riƙe da ita, tana kuma matsa jikin bututun ta kowane gefe tana neman kafa. Idan aka ƙara albarushi, ko aka ƙara nauyin abin da aka ɗura a kansa, duk ukun nan suna ƙaruwa tare. Ba yadda za a yi mutum ya ƙara ƙarfin da ke fita gaba ya bar sauran biyun yadda suke. Kuma gwargwadon rashin nauyin bindiga, gwargwadon zafin shurinta, don haka ƴar gajeruwar nan da samari suke so saboda tana ɓuya cikin riga ita ce ta fi mugun duka.

Tsohon maharbi ya san yadda ake tarbar shurin. Yana manna gindin bindiga da kafaɗa, ya karkata gaba, ya kafa ƙafa. Ɗan koyo kuwa tsoro ke sa shi nesanta ta da jikinsa, sai ta samu filin tasowa ta doke shi a ƙashin wuya ko a muƙamuƙi. Daga ranar ya koyi wata mummunar ɗabi'a: kafin ya ja kunama sai ya runtse ido ya zabura, bakin bindiga ya kauce. Wanda ya fara da ɗuri mai ƙarfi ba ya zama gwani da wuri. Yakan zama mai harbi ido rufe, kuma a gona ko a wurin biki akwai mutane a gefensa.

Yadda masu wannan sana'a suke yi a wasu ƙasashe

Kada a ɗauka mu kaɗai ne ke ɗura harsashi da hannu. A Amurka akwai mutane da yawa da suke yin haka a gidajensu, har ga libarba mai tsananin ƙarfi irin wadda suke kira Magnum. Ta farko ta fito a 1935, kuma a tsakiyar shekarun 1950 kamfanonin Smith & Wesson da Remington suka fito da wadda ta fi ta, mai lamba 44. Cikin waɗanda suka matsa aka yi ta akwai wani makiyayin shanu kuma maharbi mai suna Elmer Keith, wanda ya shafe shekaru yana gwada ƙara ɗuri. Shi kansa, tun yana saurayi, libarba ta taɓa tarwatsewa a hannunsa saboda ɗurin ya fi ƙarfinta. Wannan fa gwani ke nan, kuma bindigar ta masana'anta ce.

Mu duba abin da mai ɗuri na can yake da shi a gabansa. Yana da littafi da kamfanin albarushi ko na harsashi ya buga bayan gwaji da na'urar auna matsi, inda aka rubuta inda ake farawa da iyakar da ba a ƙetarewa. Yana da sikeli mai gane bambancin da bai fi nauyin ƙwayar gero ɗaya ba. Yana da tabarau na kare ido da abin toshe kunne. Albarushinsa yana zuwa cikin gwangwani mai suna da lamba, na bana daidai yake da na bara. Duk da haka malamansu suna cewa ɗan koyo ya fara da ƙaramin harsashi mai sauƙin shuri, ya daɗe a kai, a gaban wanda ya sani, kafin ya kusanci Magnum.

Ita kanta bindigar, a ƙasashe irin su Ingila ba a sayar da ita sai an kai ta gidan gwaji. Na birnin Bamingam an kafa shi tun 1813. A can ake ɗura mata fiye da abin da za ta ɗauka a wurin aiki, a harba ta cikin ɗaki mai kauri babu kowa kusa, idan ta jure a buga mata hatimi.

To mu dawo gida. Ma'aunin ɗuri a wurinmu tafin hannu ne, ko yatsu, ko murfin kwalba. Albarushin kasuwa wani busasshe ne, wani ya sha raɓa, wani an gauraya shi da abin da mai saye bai sani ba, kuma ba a rubuta komai a jikin ledar ba. Bututun kuwa sau da yawa na famfo ne ko wanda aka ciro daga tsohuwar mota. Bututun famfo an yi shi don ruwa, kuma da yawansa naɗe ƙarfen aka yi aka liƙe shi tun daga sama har ƙasa, wannan ɗinkin shi ne inda yake tsagewa. Ba muna raina maƙeranmu ba ne. Su suka ƙera mana hauya da galma da lauje, kuma tarihi ya nuna a Damagaram, zamanin Sarki Tanimu, har igwa an ƙera, an kuma haɗa albarushi a gida. Sai dai maƙeri ba ya da gidan gwaji. Ranar da yaro ya ja kunama karo na farko, hannunsa na hagu da ke riƙe da bututun shi ne gidan gwajin.

Inda tsautsayi yake shigowa

An saba cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma idan aka bi diddigin bindigogin da suka fashe, ƙofofin da yake shigowa ba su da yawa, kuma kusan duk ɗan koyo ne ke barin su buɗe.

Babbar ƙofa ita ce ƙari. Yaro ya ji ƙarar bindigar abokinsa ta fi tasa, ko ya harbi zomo ya gudu, sai ya ce ɗurin ne ya yi kaɗan. Mafi muni shi ne wanda ya samu harsashin zamani, na bindigar farauta mai karyawa ko na soja, ya fasa ya zazzage garin cikinsa a adaka. Wannan garin daban yake da baƙin albarushi mai hayaƙi. Ko kaɗan daga cikinsa yana haifar da matsin da ya ninka na albarushin gargajiya, an yi shi ne don ƙarfen da aka gwada. A cikin adaka nakiya ce kawai mutum ya manna da fuskarsa.

Akwai ɗuri kan ɗuri. Bindiga ɗaya ce a gida, uba ya ɗura ya rataye, ɗa ya zo bai sani ba ya sake ɗurawa. Tsofaffin maharba suna yi wa sandar ɗuri alama don su gane ko bututu yana da ciki, yaro kuwa bai ma san ana dubawa ba. Akwai toshewar baki: bindiga ta caki laka a fadama, ko ta daɗe a rataye zanzaro ya gina gidansa a ciki. Ɗan abin nan ya isa ya hana iska fita, sai ta nemi hanya ta gefe. Haka idan dalma ba ta zauna kan albarushi ba, aka bar fili tsakaninsu. Masu zuba guntayen ƙusa da ƙwallon keke a maimakon dalma kuma suna kankare cikin bututu, ƙarfen yana iya cijewa, idan ya fita ya doki dutse yana iya dawowa. Ga tsatsa: dattin da baƙin albarushi ke bari yana jan laima, yana cin ƙarfe daga ciki inda ido ba ya gani, saboda haka bindigar da ta jure wani ɗuri shekara goma tana iya kasa jure shi bana.

Biyu kuma sun fi cin fuska. Ta farko, an ja kunama bindiga ta yi shiru, musamman da damina, sai mai ita ya juyo da bakin ya leƙa, alhali wutar tana ci a hankali. Wanda ya sani yana barin bakin yana kallon inda ba kowa, ya jira mintoci. Ta biyu, an harba yanzu, sauran garwashi yana cikin bututu, aka karkata ƙaho ko kwalbar albarushi kai tsaye a baki don a yi sauri. Wutar sai ta hau ta kama abin da ke hannu gaba ɗaya. A wurin biki aka fi yin wannan, inda ake gasar wanda zai riga sakewa, yara kuma sun kewaye.

A wata cibiya ta karatun manya muna da ɗalibi magidanci da yake koyon riƙe alli da yatsu biyun da suka rage masa. Yana rubutu mai kyau, amma hauya ta gagare shi, ƴaƴansa ƙanana ke masa noma, kuma shekarar da abin ya faru sai da ya sayar da bijimin huɗa. Ya ce bai ƙara komai ba face ɗan abin da ya rage a leda, don kada ya lalace. Yana da laya a damtse lokacin. Ba mu shiga tsakanin mutum da abin da ya gada ba, amma kaurin bututu bai canza ba.

Cutar da ba a ganin jininta

Ko bindiga ba ta fashe ba tana ɗibar rabonta. Masana suna auna ƙara da ma'aunin desibel. Hira tsakanin mutum biyu wajen 60 ce, ƙarar bindiga kuwa tana kai 140 har ta wuce, kuma harbi ɗaya a kusa yana iya kashe wani sashe na jin mutum har abada. Ku lura da tsofaffin maharbanmu, da yawansu sai an ɗaga murya, kuma suna kukan kunnensu yana ƙugi da dare. Likita ba ya da maganin da zai maido da wannan jin.

Sai dalma. Mai ɗura wa kansa bindiga yakan narka ta da kansa, yawanci daga tsohon batirin mota, a tsakar gida, wani lokaci ma a kan murhun da ake dafa tuwo. Dalma guba ce. Ƙurarta tana zama a ƙasa inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, tana rage masa jini da fahimta, idan ta yi yawa ta kawo farfaɗiya da mutuwa. Tana kuma ratsawa daga mai ciki zuwa abin da ke cikinta. A wata unguwa ta Caroy kusa da Dakar, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka rasu saboda ana fasa tsofaffin batura ana tace dalma a cikin gidaje. A maƙwabtanmu Zamfara, a 2010, yara fiye da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum saboda dalmar da ke cikin dutsen zinariya da ake daka a gida. Wanda ke narka ɗan kaɗan ba zai ga irin wannan ba, amma likitoci sun tabbatar babu wani adadin dalma da yake lafiya a jinin yaro. Haka naman da aka harbo: a yanke wurin da dalma ta ratsa a zubar, kada a ba yara da masu ciki.

Albarushi da kansa kuma ba abin ajewa ba ne a ɗakin kwana, ko cikin rumbu, ko a rudun albasa don a ɓoye wa yara. Mun san abin da iskar hunturu ke yi da tartsatsi ɗaya a garin da dannin kara ya haɗa gida da gida.

Idan abin ya riga ya faru

A nan muna roƙon mata su saurara sosai, domin su ne a gida. Idan jini yana zuba, a ninka tsumma mai tsabta a danne wurin da ƙarfi, a ɗaga hannun sama, kada a riƙa ɗagawa ana leƙe. Idan ya jiƙe a ƙara wani a kai. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko baƙin mai, ko garin magani. Ta nan ne cutar tsinkau-tsinkau ke shiga, wadda ke ɗaure haƙora ta sandarar da jiki. Ƙuna kuwa ruwa mai tsabta za a yi ta zubawa kamar minti 20, sannan a rufe da ƙyalle mai tsabta. Idan ido ne, kada a murza, kada a yi ƙoƙarin ciro abin da ya shige, a rufe shi da abin da ba zai danna ba. Ƙarfen da ya nutse cikin nama a bar wa likita. Kada a ba shi abinci ko fura a hanya, don wataƙila za a yi masa aiki.

Daga nan sai gidan likita mafi kusa, su kuma su tura asibitin Birnin Ƙonni, ko na Illela, ko na Galmi wanda ke aikin fiɗa tun bayan kafa shi a 1950, ko babban asibitin Tawa. Abin da ya fi cutar da masu irin wannan rauni shi ne jinkiri. Ana tsoron tambayar jandarma, sai a ɓoye mutum a ɗaki kwana uku ana shafa masa magani, har hannun ya yi wari. Raunin da za a ɗinke ran farko shi ne ake yanke hannu dominsa ran huɗu. Tambaya ana amsa ta a wuce. A kuma faɗa wa malamin asibiti gaskiyar abin da aka ɗura, dalma ce ko ƙusa, a nemi allurar rigakafin tsinkau-tsinkau.

To wa ya kamata ya ɗura?

Farauta tana da shugabanni. A da yaro yakan yi shekaru yana ɗaukar wa ubangidansa burgami da gora, yana kallo, kafin a bar shi ya taɓa kunama, kuma ko a lokacin babba ne ke ɗura masa. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Wannan tsari ya yi daidai da abin da masu littafi da sikeli suka gano a can Amurka, sai dai mu namu ma ya fi bukatar haƙuri, tun da awonmu na ido ne. Muna kira ga sarakunan maharba da masu gari su farfaɗo da shi, maƙera kuma su daina miƙa bindiga ga duk wanda ya zo da kuɗi.

Hukuma ma tana da magana. Riƙe bindiga yana bukatar takardar izini, kuma dokar 29 ga Afrilu 1998 ta shimfiɗa ƙa'idojin farauta da kare namun daji, har da waɗanda aka hana taɓawa. Tun 1994 aka kafa hukumar ƙasa mai tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Wanda yake da niyyar farauta ya fara zuwa wurin ma'aikatan gandun daji ya ji inda ya tsaya.

Ga mai cewa don tsaro ne, mun ji zafin da yake ji, amma a yi lissafi. Adaka harbi ɗaya take yi, sannan a tsaya ana ɗuri, cikin duhu, hannu yana rawa. Wanda ya zo satar yana ɗauke da bindiga mai cin harsashi 30. A irin wannan daren ne ake yin ɗuri kan ɗuri, kuma a irinsa ne ake harbin ɗan'uwa da ya fito kewayawa. Haɗa dabbobi wuri ɗaya, da kwana bisa juyi, da lambar wayar jami'an tsaro a hannun mutane da yawa, da saurin kai labarin baƙuwar fuska ga maigari, sun fi ceton garke.

Ga mai korar tsuntsu kuwa, jan-baki idan ya sauko dubbai yake zuwa. Harbi yana tashinsa daga gonarka ya sauka a ta maƙwabci, kafin ka gama ɗuri ya dawo. Gwangwanaye a igiya da majajjawa suna yin wannan aikin ba tare da sun ci yatsa ba. Abin da ya fi amfani shi ne a bi tsuntsun da maraice a gano makwancinsa, a itatuwan fadama ko bakin ruwan Mozage da Zango, a kai labari ga malamin gona don ya sanar da ma'aikatar kare tsirrai tun hatsi bai nuna ba.